Wuƙar da Alwin Rauhaus Ya Kwance

Alwin Rauhaus ya shekara hamsin da ɗaya yana wasa ƙarfe a bakin kogin Wupper, kuma ko bayan ya ajiye aiki bayansa bai sake miƙewa ba. Haka masu wasa wuƙa na Solingen suke tsufa, a sunkuye, da tari, da yatsu masu kaushi. An haife shi a 1929 a gangaren Widdert, a gidan da aka haifi ubansa, wanda shi ma mai wasa ne. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara zama gaban dutsen wasa. Ya yi aure a makare, matar ta riga shi tafiya, ba su haihu ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne idonsa, da wani tebur da yake zama ranar Lahadi, da wata maƙwabciya.

Idon nan shi ya yi masa suna. A lokacin yaƙin duniya na biyu masana'antun garin sun ƙera wa hafsoshi wuƙaƙen ado masu yawan gaske, na sojan ƙasa, na ruwa, na sama. Ba don yanka aka yi su ba, ratayawa ake yi a ƙugu ranar fareti ko ranar aure. Da yaƙi ya ƙare sai aka bar tarin kayan da ba a kai ga haɗawa ba, ga ruwan wuƙa a wannan akwati, ga mariƙai a wancan, ga kube a wani. Mutane na fama da yunwa, sojojin da suka mamaye garin kuma suna son abin tunawa da za su kai gida. Sai aka riƙa harhaɗawa a ɓoye ana ba su, su kuma su ba da taba sigari da naman gwangwani. Shi ya sa har yau masu tara waɗannan wuƙaƙe tambayarsu ɗaya ce: wannan ta lokacin yaƙi ce, ko haɗin baya ce?

Alwin yakan ba da amsa cikin minti biyu, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Shi kansa ba shi da ko ɗaya a gida. Ba ya ƙaunar wancan zamani ko kaɗan, domin yana nan lokacin da garin ya ƙone, ya kuma taya kwasar gawa. Kafin ya duba kowace wuƙa sai ya manna 'yar takarda a kan tambarin gwamnatin wancan zamani da ke samanta, sannan ya sa tabarau. Ƙarfen ne ya dame shi, da hannun da ya wasa shi. Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa: ba ya yanke hukunci sai ya kwance kan mariƙi ya zare shi, ya ga wutsiya, wato siririn ƙarfen da ke ɓuya a cikin mariƙin. Yakan ce waje kowa na iya goge shi ya yi ƙyalli, wutsiya ce ba wanda yake yi wa kwalliya.

Duk Lahadi bayan an fito coci, su biyar ko shida sukan taru a ɗakin baya na wani gidan abinci da ke kusa da kasuwa. Babban abokin gardamarsa shi ne Hubert Pöttgen, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai wuƙaƙe sittin da littattafai cike da kabad. Shekara talatin Hubert yana kawo abu da murna, Alwin yana kwancewa ya mayar masa da murnar ciki.

"Kai dai ba ka son ganin mutum da fara'a," in ji Hubert.

"Ka daina sayen shara, sai ka ga fara'ata."

"Ranar da za a binne ka sai na kwance akwatin na duba wutsiya."

Maƙwabciyar kuwa ita ce Irmgard Vosskuhl, gidanta na fuskantar nasa. Ta shekara talatin tana sayar da burodi kafin gwiwoyi su zaunar da ita. Mijinta ya rasu shekara ɗaya bayan matar Alwin, tun daga nan duk Laraba da la'asar yakan tsallaka titi ya sha kofi a ɗakin girkinta, da waina mai zafi da shinkafar madara. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba su taɓa sa wa abin suna ba. Takan ce masa tsoho mai taurin kai, shi kuma ya ce mata maƙwabciya, ko da su biyu ne kaɗai a ɗakin. Ya san an haife ta a 1942, ya san ubanta ƙaramin hafsan sojan ruwa ne da jirginsu ya nutse tana 'yar wata goma. Bai taɓa tambayar fiye da haka ba.

A kakar 2009 'yarta Gesine ta matsa sai ta koma wurinta a Lübeck, saboda hawan gangaren ya fara gagararta. Irmgard ta fara haɗa kaya. Wata Laraba Alwin ya shigo ya tarar da kwalaye har bakin ƙofa, da wani dogon abu a naɗe cikin rigar matashin kai a kan tebur.

"Zauna, tsoho. Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka."

"Miji ne?"

"Da miji ne da tuni na nuna maka don ka ji haushi. Wuƙar babana ce. Ita kaɗai ce abin da hannunsa ya taɓa da ya rage mini. Ban nuna maka ba saboda na san bakinka. Amma Gesine ta ce kafin ta shiga gidanta tana so a san mece ce, a rubuta a takarda."

Ta kai hannu za ta warware, ya tare ta.

"Kada ki buɗe a nan. Ki kawo ta ran Lahadi."

A wurin masu tara wuƙa babu abin da ya kai wadda ta fito kai tsaye daga gidan mai ita, ba ta taɓa bi ta hannun ɗan kasuwa ba. Irin wannan a gaban kowa ake buɗe ta, wanda ya kawo ta kuma ya sha yabo har shekara ta zagayo. Hubert bai taɓa samun ko ɗaya ba. Wannan ne ya zo wa Alwin a rai, da kuma wani abu da ba zai yarda ya faɗa ba: yana so mutanen teburin su ga cewa akwai macen da take shigowa tare da shi.

Ta zo da hular coci da sandarta. Mazan suka miƙe tsaye, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba. Hubert ya ja mata kujera.

"Ranki ya daɗe, yaya aka yi kika jure wa wannan shekara goma sha ɗaya? Mu awa biyu muke yi da shi a mako, kuma sai mun sha magani."

"Ina cika masa baki da waina," in ji ta. Aka yi dariya.

Ta warware rigar matashin da kanta. Farin mariƙi mai murɗe, kube ruwan zinariya, ƙugiyar jirgi a tsakiyar gicciyen da ke raba mariƙi da ruwan wuƙa. Ba a taɓa goge ta da maganin ƙyalli ba, tsufanta na nan a jikinta yadda ake so. Hubert ya fara ɗauka. Ya juya ta, ya zare, ya ɗaga ta wajen taga, ya daɗe yana kallo fiye da yadda ya saba. Sannan ya mayar da ita cikin kube a hankali.

"Ta gaske ce," ya ce. "Ki riƙe abinki da kyau, ranki ya daɗe."

Irmgard ta sauke numfashi, ta tura wa Alwin.

Ya manna takardarsa, ya sa tabarau. Bai kai ga zarewa ba ya ga haruffa biyu a ƙarƙashin gicciyen, an karce su da bakin magagari, A da N, na biyun ya karkace kamar zai faɗi. Ya san wannan karkacewa. Hannunsa ne.

A sanyin farkon 1947 ne, lokacin da kogin ya daskare, dutsen wasa da ruwa ke juyawa ya tsaya, mutane suka ƙona shingen gidajensu don jin ɗumi. Alwin yana shirin cika sha takwas, yana harhaɗa wuƙaƙe a bayan ɗakin aiki. Ya haɗa kamar arba'in a wannan sanyi, duka sojojin Ingila suka kwashe, sai guda ɗaya. Wata mata ce ta zo da rana tsaka, riƙe da hannun 'yar yarinya. Ta ce lokacin da aka yi shela a miƙa duk wani makami, tsoro ya sa ta kai wuƙar mijinta ta jefa cikin tarin, kuma tun ranar ba ta yafe wa kanta ba. Tana son irinta, don yarinyar ta tashi da wani abu na ubanta. Ba ta da taba, ba ta da nama. Abin da ta zo da shi a ƙarƙashin hammata shi ne kwat ɗin mijin, mai kauri, shuɗi mai duhu. Alwin sanye yake da rigar da iska ke ratsawa. Ya karɓa. Ta ce ya rubuta mata haruffan farko na sunan mijin, Arnold Nippes, ya karce su a tsaye saboda yatsunsa sun sandare.

Bai taɓa tambayar Irmgard sunan gidansu na haihuwa ba. Shekara goma sha ɗaya.

Nan ne abin yake da wuyar faɗa, domin babu wanda ya tilasta shi. Hubert ya riga ya yanke hukunci, matar ta gamsu, abin da ya rage kawai ya gyaɗa kai ya miƙa mata. Amma bai miƙa ba.

"To, sarkin wutsiya," in ji wani daga ƙarshen tebur, "yau Hubert ya riga ka ke nan?"

"Bar shi," in ji Hubert da sauri. "An gama magana. A kawo wa baƙuwarmu kofi."

"Ba sai an kwance ba, Alwin," in ji Irmgard. "Ni ban taɓa kwance ta ba, Mama ma haka."

"A teburin nan ba a cewa komai sai an ga wutsiya."

Daga baya ya ce bai san lokacin da yatsunsa suka kama kan mariƙin ba. Shekara talatin suna yin haka duk Lahadi, ba su jira shi ba. Kan mariƙin ya yi gardama, sannan ya saki. Ya zare mariƙi. Ga tsaga uku a wutsiya, irin waɗanda yake yi don ya gane wane ruwa ya dace da wane mariƙi, tunda kayan ba daga masana'anta ɗaya suke ba. Ga zoben fata da ya yanko daga tsohon bel na injin wasa don cike giɓi. Duk wanda ke teburin ya san ma'anar fatar nan.

"Haɗin baya ce," in ji Alwin. "Arba'in da shida ko da bakwai."

Irmgard ta dube shi kamar bai yi da yaren da take ji ba.

"Babana ya mutu a arba'in da uku."

Mai gidan abincin ta shigo da kofi, ta ga fuskoki, ta ajiye ta fita.

"Wa ya haɗa ta?" in ji Irmgard. Idonta na cikin nasa.

"Wa ya sani, maƙwabciya. Rabin garin nan sun yi wannan aikin."

Ya miƙa hannu zai mayar da mariƙin, ta janye kayan gabanta. Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, har da zoben fatar, ta naɗe a rigar matashin a warwatse yadda suke. Ta gode wa Hubert, ta ɗauki sandarta. Alwin ya miƙe zai raka ta, ta ce ta san hanya.

Da ƙofa ta rufe, Hubert ya cire tabaraunsa ya ajiye.

"Kai jaki ne, Alwin. Jaki mai shekara tamanin."

"Kai ne ka ce ta gaske ce. In bar ƙarya ta zauna?"

"Kana tsammani ban ga mariƙin bai zauna daidai ba? Shekara talatin ina zaune kusa da kai, ko kujera ce da ta koya. Na gani tun kafin in zare ta. Matar nan ba sayarwa ta zo yi ba."

Laraba ta zo, labulen ɗakin girkinta a rufe. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a bakin ƙofarsa har hasken rana ya kau daga titin, ya koma ciki. Laraba ta biyu ma haka. A mako na uku motar kwasar kaya ta zo da safe. Yana tsaye bayan taga ya ga Gesine ta riƙe uwarta har cikin mota. Irmgard ta dubi gidansa sau ɗaya. Bai san ko ta gan shi ba, kuma bai fita ba, domin in ya fita dole ya faɗi sauran.

Ya daina zuwa teburin Lahadi. Hubert ya zo sau biyu da wuƙaƙen da ya san na bogi ne, don kawai ya ja shi gardama, Alwin ya ce idonsa ya lalace. Abin da ke cin sa ba hukuncin ba ne kaɗai. Ya faɗi gaskiyar da za ta yi mata ciwo a gaban mutum shida, ya ɓoye wadda za ta yi masa ciwo, duka a cikin minti ɗaya, shi da ake cewa ba ya ƙarya a kan ƙarfe.

A watan Janairu ya hau jirgin ƙasa. Bai taɓa yin nisa haka ba tun rasuwar matarsa. Ya sauya jirgi sau biyu, ya isa Lübeck da azahar ana zuba dusar ƙanƙara. Gesine ta buɗe masa, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Mama na ɗakin ƙarshe.

Irmgard na zaune kusa da taga da bargo a gwiwa. Ta rame.

"Ka ɓata hanya ne, tsoho?"

"Ni na haɗa ta."

Bai zauna ba. A tsaye, da hula a hannu, ya faɗa mata komai: sanyin, matar, 'yar yarinya mai jar hular saƙa da ta ƙi sakin hannun uwarta, haruffan, da kwat ɗin. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta dubi titi.

"Ke nan kwat ɗin nasa ne na gaske."

"Nasa ne."

"Ka sa shi?"

"Sanyi shida."

"Yana ina?"

"Da ya yage, na yayyanka shi na naɗe bututun ruwa na ɗakin aiki, don kada ya fashe. An rushe wurin tun tuni."

"Akwai wani abu a aljihu?"

Ya so ya ce babu. "Ƙaramin matsefi, da tikitin jirgi daga Kiel."

"Ka zubar."

"Na zubar."

Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta tambaye shi ko kwat ɗin ya yi masa daidai. Ya ce a'a, ya yi masa yawa, sai ya naɗe hannuwan sau biyu, ƙasan kuma yana dukan ƙwaurinsa.

"Ashe dogo ne," in ji ta. "Hoton da muke da shi daga ƙirji ne zuwa sama. Mama ba ta son a yi zancensa." Ta ɗaga hannu sama da kanta kaɗan kamar tana aunawa, ta sauke.

Ta nuna masa aljihun tebur. Rigar matashin na ciki, kayan a warwatse yadda ta tattara su. Ta ce Gesine ba ta son ganin abin a gidan, amma ita ba za ta jefar ba, tunda uwarta ta ba da abu mafi daraja da take da shi don ta samo mata. Ta ce ya mayar da ita yadda take. Ya zauna a bakin gado. Aikin minti ɗaya ya ɗauke shi kusan goma, zoben fatar ya faɗi ƙasa sau biyu. Da ya ɗaure kan mariƙin ya miƙa mata, ta karɓa ta sa ƙarƙashin bargo.

"Jirginka ƙarfe nawa?"

"Akwai na huɗu. Akwai kuma na gobe, in da hali."

"Ka kama na huɗun."

Ya miƙe. Yana bakin ƙofa ta kira sunansa, ba tsoho ba, Alwin.

"Kana yaro, kana jin sanyi, Mama ce ta kawo maka da kanta. Wannan ba komai ba ne. Ko kwancewar da ka yi, halinka ne, na san shi tun kafin in kawo. Amma na dubi idonka a gaban mutane na tambaye ka, ka ce mini wa ya sani. Wata uku ina kwana ina tashi da tunanin wani ɗan damfara ne ya cuci uwata, ko kuma ita ce ta yi mini ƙarya don raini. Kana tsallaken titi, ka san amsa."

Ya juya. Gesine ta riga ta ɗauko masa lemarsa.

Ya rubuta mata wasiƙa biyu bayan ya dawo. A ta biyun ya zana kwat ɗin da fensir iya abin da ya tuna, maɓallai shida gaba, da ɗinkin da uwarsa ta yi a wuya. Amsa ba ta zo ba. Ya rasu a watan Afrilu, a kujerarsa, da safe. Hubert ne ya buga wa Gesine waya ya sanar da ita. Ta ce za ta faɗa wa Mama in ta tashi, ta yi godiya, ta ajiye.